Aro, jingina ko saye? Tarihin takardar gona a Madawa, Buza da Keita

Hutun bara ina gida, a wani ƙauye cikin kwarin Tarka a gundumar Madawa, sai Baba ya kira ni bayan la'asar ya miƙo mini wata takarda da aka naɗe cikin leda. Yayana da ke bida a Abijan ya aiko da kuɗin da ya yi shekara huɗu yana tarawa, jika 900, don a saya masa wani yanki na fadama inda zai yi noman albasa in ya dawo. Mai sayarwar maƙwabcinmu ne. Tun ina yaro nake ganin gidansu na noma wurin, kuma ya ce yana da takarda. Baba ya ce mini, "Kai da ka yi lakkwal, duba muna abin da anka rubuta."

Falle ɗaya ne da aka yago daga kaye na ƴan makaranta, har ya yi ja don tsufa. Layi huɗu ne da Faransanci, an rubuta da biro, an sa shekarar 1985, a ƙasa kuma dangwalen yatsa uku. Abin da ya ce shi ne wane ya ba wane gonarsa a kan kuɗi kaza. Kalmar da marubucin ya sa ita ce «donné».

Nan na tsaya. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, na kuma san abin da ya faru ranar nan ko da ba a haife ni ba. An ce wa wani mai ɗan ilimin boko, "Rubuta cewa ya ba shi gonatai", shi kuwa ya juya maganar yadda ya ji ta. To amma "ba da gona" a bakinmu rumfa ce babba. Wanda ya ara ya ba da. Wanda ya jinginar ya ba da. Wanda ya yi kyauta da wanda ya sayar, duka sun ba da. Takardar ta riƙe "ba da", ta yar da abin da ake nufi da shi.

Wannan falle ya sa na koma karatun tarihin ƙasar noma a yankinmu. Abin da na fahimta shi ne, a kan gona guda a Madawa ko Buza ko Keita akwai dokokin zamani daban-daban da suka hau kan juna, kowane zamani kuma ya bar irin shaidarsa. Mai saye da ya duba shaida ɗaya ya tsaya, to yana iya sayen rigimar wani da kuɗinsa.

Lokacin da baki ne takarda

Wanda ke son tarihin Adar kafin zuwan Turawa ya nemi littafin Djibo Hamani na 1975, malamin da aka sa wa jami'ar Tawa sunansa. A wancan zamani daji ya fi mutane yawa. Haƙƙin gona yana fitowa ne daga gatari: wanda ya fara sare wuri ya noma, shi da zuriyarsa ke da shi. Da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa mulkinsa a Adar tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, da kuma lokacin da Kel Gres suka yi ƙarfi a kudancin Adar da Gobir Tudu, abin da masu mulki suka fi nema shi ne rabonsu cikin hatsin da aka girbe da biyayyar mutanen da suka noma shi. Babu mai awon ƙasa da igiya. Iyaka ita ce layin gamba, ko shingen aguwa, ko wani dutse, ko wata bishiya da kowa ya sani.

Rashin takarda bai sa an rasa tsari ba. Tsarin yana cikin kalmomi. Gado shi ne abin da ya sauko daga uba ko uwa. Kyauta ta fita hannun mai ita ke nan har abada. Aro na nan a hannun mai shi, shi ya sa mai aro kan kai dami ɗaya ko biyu bayan girbi don kada a manta, ba ya kuma gina rijiya ko dasa itace a wurin sai da izini. Haya tana da wa'adi da kuɗinta. Jingina kuwa, ka karɓi kuɗi ko hatsi, ka bar gonarka a hannun wanda ya ba ka, yana nomawa yana ci, ranar da kai ko ɗanka ko jikanka ya mayar da abin da aka karɓa, gona ta dawo gida. Saye ne kaɗai, tare da kyauta, ke yanke igiya.

Masu riƙe da wannan rajista su ne maƙwabtan iyaka, da liman, da maigari, da tsofaffin da aka yi abin a gabansu. In gardama ta yi tsanani a je ga rantsuwa da Alƙur'ani. Tsarin yana aiki muddin shaidu na raye. Rauninsa shi ne mutuwa.

Littafin Nasara

Faransawa sun shigo Adar a farkon shekarun 1900, suka yanka ƙasa kanto-kanto, suka naɗa wa kowane sarki. A Keita sun ɗora dangin Lissawan a kan sarauta. Sarkin kanto ya zama mai karɓar haraji, mai raba daji, mai sasanta rigimar gona, kuma daga nan ne "gonakin sarauta" suka ƙara faɗi.

A gefe guda suka kawo nasu tsarin. Dokar 24 ga Yuli 1906, wadda ta 26 ga Yuli 1932 ta sake wa fasali, ta kafa babban littafin ƙasa na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Dabarar ta samo asali daga Ostareliya, inda Robert Torrens ya kawo ta a 1858: a auna fili, a kafa masa duwatsun iyaka, a yi shela ko akwai mai ja, sannan a rubuta shi cikin littafi da lambarsa. Da zarar an rubuta, magana ta ƙare. Wannan shi ne asalin abin da muke kira titir fonsiye. Suka kuma ce duk ƙasar da ba kowa a kanta kuma ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. Ku duba wannan magana da kyau. Saurar da manomi ya bari ta huta, da makiyayar da Fulani da Buzaye ke sauka kowace shekara, a idon mai rubuta doka a Dakar duk suna iya zama ƙasa marar mai ita.

Titir ya tsaya a birane, wajen ƴan kasuwa da ma'aikata. Manomin Tamaske ko Karofan ba shi da kuɗin mai awo, ba ya jin harshen da ake rubutun da shi, bai kuma ga abin da zai kai shi neman takarda a kan gonar da kowa ya san ta kakansa ce ba. Sai aka wayi gari da tsari biyu: littafin da ba gonar kowa a ciki, da gonakin da ba su cikin kowane littafi. Dokar 20 ga Mayu 1955 ta zo ta amince da haƙƙin gargajiya, amma saura shekara biyar mulkin ya ƙare.

Diori da Kunce

Gwamnatin Diori Hamani ta so rage ƙarfin sarakuna a kan ƙasa. A Mayu 1960 aka hana karɓar ushirar da manoma ke kai wa masu ƙasa. A 1961 aka shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, don a bar wa makiyaya wurinsu. A Maris 1962 aka soke gatan da sarakuna ke da shi a kan gonakin sarauta. Dokokin sun yi kyau a rubuce, amma sun taɓa wani abu da ba a lura ba. Damin nan da mai aro ke kaiwa shi ne rasit ɗin mai gona. Da wasu suka daina kaiwa suna cewa gwamnati ta hana, sai alamar da ke raba aro da mallaka ta fara gogewa.

Sannan Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a Afrilu 1974, ya yi jawabi ranar 18 ga Disamba na shekarar. Ya ce duk gonar da wani ke nomawa a lokacin, ko ta wace hanya ta zo hannunsa, ta zauna a hannunsa. Mutane suka taƙaita shi da cewa gona ta mai nomanta ce. Jawabi ne, ba a mayar da shi rubutacciyar doka ba, amma a zamanin Kunce wa zai tsaya tambayar bambancin? Masu aro da yawa suka riƙe abin da ke hannunsu. Masu gona kuma suka koyi darasi: suka rage ba da aro, ko su riƙa sauya wa mai aro wuri kada ya daɗe. Bayan rasuwarsa a 1987 ƴaƴan masu gonakin suka fara dawowa da maganar. Har yau in ka zauna a fadar wani sarki ranar sauraron ƙara, za ka ji ɗaya na cewa "gonar kakana ce", ɗayan na cewa "Kunce ya ba mu". Kowanensu yana da zamanin da ya jingina da shi.

Ranar da fako ya yi daraja

Buza da Keita sun ƙara wani babi da ba kowane yanki ke da shi ba. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji. Layukan sun ratsa gonakin mutane, kowa ya rasa ɗan yanki. Da itacen ya girma ya isa sara sai tambaya ta tashi: na mai gonar ne, na garin da ya yi aikin ne, ko na gwamnati? Sai da aka zauna aka tsara yadda za a raba.

A Keita, babban froje da Italiya ta ba da kuɗinsa ya fara aiki a 1984, tare da FAO da hukumar abinci ta duniya da ke biyan ma'aikata da abinci. Yawancin masu ɗaukar duwatsun nan mata ne, don maza sun tafi bida. Cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itace wajen miliyan 18, aikin kuma ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Benedetta Rossi ta yi littafi a 2015 a kan tarihin aiki da mulki a wannan yanki, ga mai son ƙarin bayani.

Ga inda abin ya shafi mai saye. Fakon da ya shekara talatin ko ciyawa ba ya fitarwa, ba wanda ke gardama a kansa. Ranar da aka jera masa duwatsu ruwa ya tsaya, gero ya fito, sai ga mai cewa kakansa ne ya sare shi, ga wadda ta ɗauki dutse a kanta, ga wanda aka ba yankin lokacin rabo, ga makiyayin da dabbobinsa ke bi ta nan tun fil azal. In aka yi maka tallan gona a kan tudun Keita ko Buza, tambaya ta farko ita ce, wurin nan froje ya taɓa shi? In ya taɓa, an gyara shi don noma ne ko don kiwo da itace? Wurin da aka ware wa jama'a, ko mutum ya shekara goma yana shuka a gefensa, ba shi da ikon sayar maka.

Kod Rural da Kofo

Bayan dogon shiri aka fitar da doka mai lamba 93-015 ranar 2 ga Maris 1993, wadda ake kira Kod Rural. Babban abin da ta kawo shi ne, haƙƙin da ya fito daga al'ada da wanda ya fito daga takarda kariyarsu ɗaya ce a gaban doka. Gonar gadonka taka ce ko ba ka da titir. Ta kuma kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo. Na farko an gwada su a Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya suka bazu. Yanzu hawa uku ne: na gunduma, COFODEP, a ƙarƙashin parfe, na komin, COFOCOM, a ƙarƙashin shugaban komin, da na ƙauye, COFOB, wanda maigari ke shugabanta.

Abin da ya burge ni shi ne takardun Kofo sun dawo da tsofaffin kalmominmu. Akwai takardar shaidar riƙon gargajiya, akwai ta saye, akwai ta kyauta, akwai ta haya, ta aro, da ta jingina, kowace da fom ɗinta. Abin da «donné» ta haɗiye, Kofo ta sake rarrabe shi. Kafin a ba da takardar mallaka ana yin shela don mai ja ya fito, ana zuwa wurin a ga iyaka tare da maƙwabta, sannan a ajiye kwafi cikin kundin ƙasar karkara da dokar 2 ga Oktoba 1997 ta tsara. Amma a sani, Kofo ba ta yanke shari'a. In akwai rigima, sarki ne ke sulhu ya rubuta takardar sulhun ko ta rashinsa, in ya gagara a tafi jastis.

A 2006 gwamnati ta sauƙaƙa hanyar samun titir, ta kuma sa wa sabon sunan Hausa: Sheda. Wanda ya zaɓi sunan ya san abin da yake yi. Takarda shaida ce, kuma shaida ana tambayarta me ta gani, yaushe, a gaban wa.

Sai doka ta 20 ga Mayu 2010 a kan kiwo, wadda ta hana kowa mallake makiyaya da burtali. Wannan ba maganar wasa ba ce a wurinmu. A farkon Nuwamba 2016, a Bangi cikin gundumar Madawa, faɗan manoma da makiyaya da ya taso daga ɓarnar gona ya ci ran aƙalla mutum 18. Gonar da ta ci burtali, ko da arha aka ba ka, wuta ka saya.

Yadda tamu ta ƙare

Na ce wa Baba a dakata. Bai ji daɗi ba, don yana ganin kamar muna tuhumar maƙwabci. Yaya ma ya kira ta WhatsApp yana faɗa, wai boko ya sa ni tsoron inuwata, wani zai riga mu.

Cikin masu dangwale ukun, ɗaya ne ke raye, tsoho ne da ido ya fara yi wa nauyi. Na je da goro na gaishe shi, na ce, "Kaka, gonar nan ta bakin rijiya, saye anka yi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakkwal, wa ka saida hwadama a shekarar El Buhari? Jingina ta. Yunwa ta kore shi, ya amshi kuɗin mota da na hatsi, ya ce in ya dawo ya biya. Bai dawo ba." El Buhari ita ce yunwar 1984 zuwa 1985, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a zamanin Janar Buhari.

Da muka koma wa mai sayarwa bai musa ba. Shi dai abin da ya sani ubansa ya noma wurin, shi ma ya noma, kuma ai Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce. Na ce masa, "Baba, jawabin Kunce na 1974 ne, ya yi magana a kan gonakin da ke hannun mutane a lokacin. Wagga kuwa sai bayan shekara goma sha ɗaya ta shigo hannunku." Wallahi ba wayo ya yi niyyar yi mana ba. Shi ma gado ya yi, ya gaji gona tare da kalmar da ba ita ba ce.

Mai jinginar ya rasu a Kamaru, amma ya bar ɗiya uku: maza biyu, da mace ɗaya da ke aure a Ƙonni. Wata huɗu aka yi ana neman su. A gaban maigari suka mayar da kuɗin jinginar, suka kuma bar wa maƙwabcinmu kashi ɗaya na wurin saboda rijiyar da ubansa ya gina da shekarun da suka yi suna gyara ƙasar. Mazan biyu suka sayar wa Yaya rabonsu. Macen ta ce ba ta sayarwa, aka fitar mata da nata aka kafa dutse. Yaya ya samu wurin da bai kai wanda ya sa rai ba, amma da takardar saye ta COFOB, da sa hannun magada da na maƙwabtan iyaka huɗu, da kwafi a meri.

Ga abin da zan ce wa duk wanda ɗan'uwansa ya aiko da kuɗi daga Abijan ko Libiya ko Legas aka ce ya tsaya a kan sayen wuri. Ka tambayi mai sayarwa yadda wurin ya zo hannunsa, ka kuma sa shi ya faɗi kalmar da bakinsa: gado, kyauta, aro, haya, jingina ko saye. In ya ce "an ba mu", ka ce wace irin bayarwa. Ka tambayi shekarar, don ka san dokar wane zamani yake jingina da ita. In gado ne, an raba? Ina sauran magada, har mata da waɗanda ke bida? Ka taka iyakar da ƙafarka tare da maƙwabta, ban da mai sayarwa shi kaɗai. Ka je wurin maigari da fadar sarki ka ji ko an taɓa kai ƙarar wurin, ko akwai takardar sulhu. Ka je COFOCOM ko COFODEP su duba ko an riga an rubuta shi da sunan wani, ko ya shiga burtali, makiyaya ko wurin da froje ya ware. In fili ne a cikin garin Madawa, Buza ko Keita, ka ɗauki takardar da meri ta bayar ka kai ofishin filaye a gwada lambar da sunan da ke cikin rajistarsu, don fili guda a sayar wa mutum biyu ba sabon labari ba ne. In an ce akwai titir, a duba lambarsa a ofishin da ke riƙe da littafin ƙasa. Kuɗi kuma kada su fita sai ranar da za a cika takarda a gaban shaidu.

Akwai aikin da ya rage namu, mu da muka yi karatu. A kowane gida cikin yankin nan akwai irin wannan falle a cikin leda, akwai kuma tsoho ɗaya ko biyu da suka san abin da aka faɗa ranar da aka rubuta shi. Wannan hutu, kafin a kai ga saye ko sayarwa, ka zauna da su ka tambayi gonakin gidanku ɗaya bayan ɗaya, wace ce gado, wace ce aro, wace ce jingina, ka rubuta da Hausa da kalmar da suka faɗa, sannan a kai wa Kofo. Tsohon da ya warware mana tamu ya rasu da azumin da ya wuce, Allah ya jiƙansa. Da Yaya ya ƙara shekara ɗaya kafin ya aiko da kuɗin, da ba mu da wanda za mu tambaya.